Littattafan dabarun tsira da shirin ko-ta-kwana

Littattafan dabarun tsira su ne waɗanda ke koya wa mutum yadda zai kuɓutar da ransa da na iyalinsa idan ya rasa taimako na ɗan lokaci, ko dai saboda ɓata a daji, ko ambaliya, ko girgizar ƙasa, ko yaƙi. Abin da suka fi magana a kai shi ne ruwan sha, mafaka, hura wuta, taimakon gaggawa da hanyar neman ceto.

Da yawa daga cikinsu daga aikin soja suka samo asali. Rundunar sojan Amurka ta taɓa fitar da littafin horo mai lamba FM 21-76, kuma a 1986 John Wiseman, tsohon sojan rundunar SAS ta Birtaniya, ya fitar da SAS Survival Handbook wanda ya shiga hannun fararen hula sosai. Kafin su, Robert Baden-Powell ya wallafa Scouting for Boys a 1908 domin horar da samari zaman daji. Gwamnatoci ma suna buga nasu: birnin Tokyo ya raba wa gidaje littafin shirin girgizar ƙasa a 2015, Sweden kuma ta aika wa gidaje ɗan littafi kan rikici da yaƙi a 2018, ta sabunta shi a 2024.

Kusan dukkansu suna kawo ƙa'idar uku-uku: mutum kan jure kamar minti 3 ba iska, awa 3 cikin tsananin sanyi ko zafi ba mafaka, kwana 3 ba ruwa, mako 3 ba abinci. Ƙiyasi ne kawai, amma yana gyara kuskuren da firgici ke jefa mutane ciki, wato su fara neman abinci alhali ƙishirwa ce za ta riga kayar da su.

Shi ya sa babin ruwa yake da matuƙar muhimmanci. Ana tafasa ruwa ya yi minti 1 yana ɓararraka, ko minti 3 a wurin da tsayinsa ya haura kusan mita 2,000. In babu wuta, ana zuba ruwa mai haske a gorar roba wadda ake ganin cikinta a shanya a rana awa 6. Ga mai gudawa, ana narkar da ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1 na tsaftataccen ruwa. Hukumomin agaji na Amurka suna shawartar a tanadi kusan lita 4 ga kowane mutum a rana, na aƙalla kwana 3, tare da tocila, rediyo mai batir, magunguna da kwafin muhimman takardu.

Babban aibin waɗannan littattafai shi ne tsufa. Tsofaffin bugu da dama sun ce a tsaga wurin saran maciji a tsotse dafin, ko a ɗaure gaɓar tamau. Hukumar Lafiya ta Duniya ta hana wannan. Abin da take so shi ne a hana gaɓar motsi a garzaya da mutum asibiti. Haka ma gwajin tsiro ta hanyar ɗanɗanawa yana da haɗari, musamman ga naman kaza, wato laimar kwaɗi, wanda gubar wasu nau'o'insa ba ta bayyana sai bayan sa'o'i. Don haka mai sayen irin wannan littafi ya duba shekarar bugu, ya kuma tabbatar an rubuta shi don irin yanayin da yake zaune, tunda dabarar dusar ƙanƙara ba ta aiki a hamada.