Waiwaye: Tarihin haɗin gwiwar jami'o'i da masana'antu kan fasahar makamashi

Kafin shekarar 1973, gwamnatoci da manyan kamfanoni ne suka fi riƙe da binciken makamashi. Hatta ƙwayar sola ta zamani, wadda ke mayar da hasken rana wutar lantarki, a ɗakin binciken kamfanin Bell aka ƙera ta a 1954. Dabarar kafa kamfanoni a maƙwabtan jami'a kuwa ta riga ta kankama a Amurka, domin Jami'ar Stanford ta buɗe filinta ga kamfanoni tun 1951, amma masu kayan lantarki ne suka fi cin gajiyar.

Tashin gwauron zabin da farashin man fetur ya yi a 1973 ne ya sauya lissafi, kuma a nan Denmark ta yi fice. Cibiyar Risø, wadda aka buɗe a 1958 don binciken nukiliya, ta kafa tashar gwajin injinan samar da lantarki daga iska a 1978. Gwamnati ta gindaya sharaɗi cewa ba za a ba mai saye tallafi ba sai injinsa na da shaidar wannan tashar. Dole ƙananan masu ƙira, irin su Vestas da a da kayan noma take yi, suka riƙa kai injinansu gaban masana. Idan fiffike ya karye ko giyar injin ta lalace, kowa zai ji dalili, kowa ya gyara nasa. A ganina wannan tasha ta fi duk wata yarjejeniyar takarda amfani. A 2007 aka haɗe Risø da Jami'ar Fasaha ta Denmark.

Ingila kuwa ta ga illar rashin irin wannan haɗin gwiwa. A 1980 John Goodenough ya gano sinadarin da ya zama ginshiƙin batirin litiyam a Jami'ar Oxford, jami'ar ba ta yi rajistar mallakar binciken ba, sai kamfanin Sony na Japan ne ya fitar da batirin kasuwa a 1991. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A wannan shekara ta 1980 Amurka ta yi dokar Bayh-Dole, wadda ta ba jami'o'i damar mallakar abin da suka gano da kuɗin gwamnati. Jamus kuma ta buɗe cibiyar Fraunhofer ta binciken sola a Freiburg a 1981, inda kaso mai tsoka na kuɗin aiki ke fitowa daga kwangilolin kamfanoni.

Sai dai ilimi kan bi mai shi duk inda ya nufa. A Jami'ar New South Wales ta Ostiraliya, Martin Green da ɗalibansa sun inganta ƙwayar sola matuƙa. Ɗaya daga cikinsu, Shi Zhengrong, ya koma China ya kafa kamfanin Suntech a birnin Wuxi a 2001 da goyon bayan hukumomin birnin. Kamfanin ya durƙushe a 2013, amma masana'antun da suka taso kewaye da shi ba su tsaya ba. Yau China ce ke ƙera fiye da kashi 80 cikin 100 na faifan solar duniya.