Mene Ne Fankshin A Ilimin Lissafi?

A kwalejoji da jami'o'in Amurka, ɗalibin da ke son karanta kalkulas, wato reshen lissafi da ke nazarin yadda abubuwa ke sauyawa, yakan fara da wani darasi na share fage, kuma kusan duk abin da ake koyarwa a cikinsa ya rataya ne a kan fankshin. Fankshin ƙa'ida ce da ke karɓar lamba, ta fitar da amsa guda ɗaya tak. Malamai kan kwatanta shi da injin niƙa, inda ake zuba hatsi ta sama gari ya fito ta ƙasa.

Mu ɗauki juya ma'aunin zafi daga Salshiyas zuwa Farenhait. Ana ninka lambar da 9, a raba da 5, sannan a ƙara 32, don haka digiri 40 ya zama 104, digiri 100 da ruwa ke tafasa a kansa kuma ya zama 212. Ko sau nawa aka shigar da 40, amsar ba za ta sauya ba.

Wannan sharaɗi na amsa ɗaya shi ne ya fi rikita ɗalibai, domin ta ɓangare guda kawai yake aiki. A ƙa'idar f(x) = x², wato a ninka lambar da aka shigar (x) da kanta, lamba 3 da −3 duk suna ba da 9, kuma babu laifi a cikin hakan, tunda kowace amsarta ɗaya ce. Amma a lissafin da'ira x² + y² = 25, idan x da aka shigar ya zama 3, to amsar y na iya zama 4 ko −4, kuma da zarar lamba ɗaya ta haifi amsa biyu, an fita daga fankshin. Shi ya sa ake gwada zanen ƙa'ida, wanda ke nuna x a kwance da amsarsa a tsaye, da tsayayyen layi: in layin ya ratsa zanen a wuri fiye da ɗaya, zanen ba na fankshin ba ne. Akwai kuma lambobin da ƙa'ida ba ta karɓa sam, kamar sifili a f(x) = 1/x, saboda ba a raba lamba da sifili, don haka tun farko ake fayyace waɗanda aka yarda a shigar.

A cikin masana lissafi na Turai, Leibniz ne ya shigo da batun da sunan fankshin a ƙarshen ƙarni na 17, Euler kuma ya kawo rubutun f(x) a 1734, wanda sabon ɗalibi kan ɗauka cewa f ake ninkawa da x, alhali yana nufin amsar da f ke bayarwa idan an shigar da x. Ma'anar da ake koyarwa yau ana danganta ta ga Dirichlet a 1837, kuma a ganina ita ce ya kamata a fi nanata wa ɗalibai, domin ba ta tilasta a sami dabarar lissafi ba. Jadawalin da ke nuna zafi mafi girma na kowace rana a cikin wata guda, shi ma fankshin ne cikakke, tunda kowace rana lamba ɗaya ce a gabanta.