Yadda Ake Ɗaure Ƙarfen Dogo a Kan Matashinsa: Tambayoyi da Amsoshi

Da me aka haɗa titin jirgin ƙasa, kuma ina maɗauri yake a cikinsa?

Titin jirgin ƙasa na gama-gari ya ƙunshi abubuwa huɗu. Akwai ƙarafan dogo guda biyu da ƙafafun jirgi suke bi a kansu, akwai matasan dogo, wato sandunan katako ko kankare ko ƙarfe da ake jerawa a gicciye a ƙarƙashin ƙarafan, akwai kuma dakakken dutse da ake zubawa a ƙarƙashin matasan da tsakaninsu. Na huɗu shi ne maɗauri, wanda yake haɗa gindin ƙarfen dogo da matashin da yake zaune a kansa. Ƙarami ne, amma yana da yawa ƙwarai. A yawancin manyan layuka ana jera matasai da tazarar kimanin santimita 60, abin da yake ba da matashi wajen 1,660 a kowace kilomita, kuma tun da kowane matashi yana ɗauke da ƙarafa biyu, kowane ƙarfe kuma ana riƙe shi ta ɓangare biyu, kilomita ɗaya tana cin maɗaurai sama da 6,600.

Tun da jirgi yana da nauyi ƙwarai, ashe nauyinsa bai isa ya danne ƙarfen a wurinsa ba?

Bai isa ba, domin jirgi ba danna ƙarfe ƙasa kawai yake yi ba. A Turai aksul ɗaya na tarago, wato sandar ƙarfen da take haɗa ƙafafu biyu, yana iya ɗaukar tan 22.5, a Amurka kuwa jiragen dakon kaya suna wuce tan 30, kuma wannan nauyi yana lotsa ƙarfen kaɗan a daidai inda ƙafar take. To amma a gaban ƙafar da bayanta ƙarfen ɗagawa yake yi sama, don haka duk lokacin da jirgi ya wuce, kowane wuri a kan titin yana sauka yana tashi sau ɗaruruwa.

Sai kuma turi na gefe. Idan jirgi ya shiga kwana, leɓen ƙafarsa yana tunkuɗa kan ƙarfen waje, yana neman ya ture shi ko ya kifar da shi a kan gindinsa. Tazarar da ke tsakanin ƙarafan biyu a mafi yawan layukan duniya milimita 1,435 ce, kuma ƙafafun jirgi a kafe suke a kan aksul, ba sa buɗewa ba sa tsukewa. Idan ƙarafan suka buɗe da 'yan santimita kaɗan, ƙafa ɗaya za ta faɗa tsakiya.

Na uku shi ne ja na tsawo. Taka birki, da fizgar injin, da gangara, da zafin rana, duk suna tura ƙarfen gaba ko baya a kan matasansa. Aikin maɗauri ke nan ya tare waɗannan abubuwa uku a lokaci guda, ya kuma riƙe ƙarfen a ɗan karkace zuwa ciki, yawanci kashi 1 cikin 20 ko 1 cikin 40, domin ya dace da siffar ƙafar jirgi.

Da me aka fara ɗaure dogo?

Hanyoyi biyu ne suka mamaye ƙarni na 19. A Ingila an daɗe ana amfani da ƙarfe marar faffaɗan gindi, wanda ba ya iya tsayuwa da kansa, don haka ake zaunar da shi cikin wata kujera ta zubin ƙarfe da aka kafe a kan matashi, sannan a buga ƙaramin katako tsakanin ƙarfen da kujerar ya matse shi. Wannan tsari ya ci gaba a can har bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A Amurka kuwa, wajajen 1830, Robert Stevens, shugaban wani kamfanin jirgin ƙasa a jihar New Jersey, ya tsara ƙarfe mai faffaɗan gindi wanda zai zauna kai tsaye a kan katako, tare da ƙusa mai lanƙwasasshen kai da take kama bakin gindin. Siffar ƙarfen nan ita ce ta yaɗu a duniya, ƙusar ma har yanzu ana buga ta a dubban kilomitoci na layukan Amurka ta Arewa. Daga baya aka riƙa sa farantin ƙarfe tsakanin dogo da katako, domin gindin ƙarfen ya daina cin katakon, aka kuma fito da manyan sukurori masu zare waɗanda suka fi ƙusa riƙo.

Idan ƙusa tana aiki, me ya sa aka koma ga maɗaurin sifirin?

Nan ne zuciyar batun take. Ƙusa tana hana ƙarfe matsawa gefe, amma ba ta matse shi ƙasa na dogon lokaci. Saukar nan da tashin da ƙarfe yake yi a ƙarƙashin jirgi yana zare ƙusar a hankali har kanta ya bar gindin ƙarfen, ramin ya faɗaɗa, ruwa ya shiga, katakon ya fara ruɓewa a daidai inda ake buƙatar ƙarfinsa. Saboda haka ne a layukan da suke amfani da ƙusa ake ƙara wasu ƙarafa da suke cije gindin dogo su jingina da gefen matashi, don su hana shi zamewa ta tsawo. Noti da aka ɗaure tamau shi ma yana da irin tasa matsalar: da zarar ƙarfe ko faranti ya ci da ko da rabin milimita, matsin ya tafi gaba ɗaya, sai girgiza ta ƙarasa kwance shi.

Maɗaurin sifirin, wanda aka fi sani da kilif, sandar ƙarfe ce da aka murɗa ta yadda idan aka tura ta cikin mazauninta, bakinta zai lanƙwashe da kimanin santimita ɗaya, ya danne gindin dogo da ƙarfin da ya kai kusan tan ɗaya. Tun da lanƙwasar tana da yawa haka, ko ƙarfen ya sauka ko ya tashi da milimita ɗaya, ko wani abu ya ɗan ci, kilif ɗin yana bin sa, matsin kuma ba ya raguwa sai kaɗan. Kamar hannun da ya riƙe linzamin doki ne, yana bin motsin kan dabbar ba tare da ya saki ba. A ganina wannan ita ce fahimta mafi muhimmanci da injiniyoyin dogo suka samu a ƙarni na 20 game da wannan fanni: abin da aka kafe ba ya motsi ko kaɗan shi ne yake saurin kwancewa ko karyewa a ƙarƙashin jirgi.

Wani injiniyan jirgin ƙasa ɗan ƙasar Norway, Per Pande-Rolfsen, shi ya ƙirƙiro ɗaya daga cikin fitattun kilif a 1957, kuma daga sunansa aka samo sunan Pandrol. A Jamus kamfanin Vossloh ya shahara da nasa mai siffar harafin W, wanda ake matse shi da sukuru, Faransa ma tana da nata mai suna Nabla. Zuwan matashin kankare ya hanzarta wannan sauyi, domin ba a buga ƙusa a kankare. Tun wurin zuba shi ake dasa mazaunin kilif ko ramin sukuru a cikinsa.

Mene ne amfanin robar da ake sawa a ƙarƙashin ƙarfen?

Idan ƙarfe ya zauna kai tsaye a kan kankare, bugun ƙafafun jirgi zai riƙa niƙe saman matashin har ya tsattsage shi. Shimfiɗar roba ko makamanciyarta, mai kaurin milimita 5 zuwa 10, tana shanye bugun, tana rage ƙara, tana kuma ƙara wa ƙarfen wahalar zamewa. Akwai kuma wasu ƙananan robobi masu tauri tsakanin kilif da ƙarfen dogo, waɗanda suke hana lantarki bi ta cikin matashi daga wannan ƙarfe zuwa wancan. Dalili shi ne, a layuka da yawa ana tura ƙaramin lantarki ta cikin dogo, kuma idan jirgi ya hau, ƙafafunsa da aksul suna haɗa ƙarafan biyu, sai sigina, wato na'urar fitilun da take ba jirage izinin wucewa ko tsayawa, ta gane cewa akwai jirgi a wurin. Idan robobin suka ci, sigina za ta iya nuna ja alhali babu komai a kan layin, jirage su tsaya a banza.

Yaya zafi da sanyi suke shafar maɗauri?

Ƙarfe yana miƙewa da zafi yana tsukewa da sanyi. Dogo mai tsawon mita 100 yana ƙaruwa da milimita ɗaya da ɗan ɗori a kan kowane digiri ɗaya na ma'aunin Selshiyos, don haka kilomita ɗaya da zafinta ya hau da digiri 40 za ta so ta ƙaru da kusan rabin mita. A da ana shimfiɗa gajerun ƙarafa ne a bar 'yar kafa a kowace mahaɗa, kuma ita ce take ba da ƙwanƙwasar nan da ake ji a tsofaffin layuka. Amma mahaɗa wuri ne mai rauni, shi ya sa a yau ake haɗa ƙarafan da walda su zama dogo ɗaya na kilomitoci da yawa ba tare da yankewa ba.

Irin wannan dogo ba shi da inda zai miƙe, kuma abin da ake so ke nan: maɗaurai su riƙe shi a kan matasai, dutse ya riƙe matasan, ta yadda miƙewar za ta koma matsi a cikin jikin ƙarfen. Matsin ba ƙarami ba ne. A ƙarfe mai nauyin kilo 60 a kowace mita, kowane digiri ɗaya yana haifar da ƙarfin da ya kusa tan biyu, wato hawan digiri 30 ya haura tan 50 a ƙarfe ɗaya. Ga shi kuma ƙarfen da rana ta buga yana iya fin iska zafi da digiri 20. Idan riƙon ya yi rauni a wani wuri, titin gaba ɗaya yana iya gocewa gefe farat ɗaya, ya yi lanƙwasar da babu jirgin da zai iya bi. A tsananin sanyi kuwa ƙarfen tsinkewa yake yi.

Don a raba haɗarin gida biyu, ana ɗaure dogo ne a wani matsakaicin zafi da aka zaɓa bisa yanayin kowace ƙasa. A Birtaniya digiri 27 ne. Idan ranar aiki ta fi haka sanyi, ana ɗora ƙarfen a kan ƙananan roloki, a ja shi da injin haidurolik har ya kai tsawon da zai yi a wancan zafin, sannan a yi walda a mayar da kilif. Saboda haka, ma'aikacin da ya kwance maɗaurai masu yawa a jere da tsakar rana mai zafi, ko da niyyar gyara ne, ya saki matsin da titin yake riƙe da shi, kuma dokokin aiki suna taƙaita hakan sosai.

Me yake faruwa idan maɗaurai suka lalace?

Kilif ɗaya da ya karye ba ya kayar da jirgi, domin maƙwabtansa suna ɗaukar kasonsa. Matsalar ita ce nauyin da ya koma kansu yana gajiyar da su, sai lalacewar ta riƙa bin layi, musamman a kwana. A watan Yunin 2016, a kusa da garin Mosier na jihar Oregon a Amurka, taragai 16 na wani jirgin dakon ɗanyen mai sun sauka daga kan dogo, wuta ta tashi. Binciken hukumar kula da jiragen ƙasa ta tarayya ya danganta haɗarin da karyayyun sukurori da suke riƙe faranti a kan katako, waɗanda suka bar ƙarafan suka buɗe. Abin da ya sa irin wannan lalacewa take da haɗari shi ne, sukuru yakan karye ne a cikin katako, kansa kuma yana nan zaune a kan faranti kamar lafiya lau.

Tsatsa ma tana cin kilif, musamman a cikin ramukan ƙarƙashin ƙasa masu danshi da kusa da teku. Akwai kuma sata, domin a ƙasashe da dama ɓarayin ƙarfe suna cire kilif su sayar, abin da ya sa aka ƙera wasu nau'o'i da ba sa fita sai da kayan aiki na musamman.

Ta yaya ake gano lalacewa kafin haɗari?

Ana amfani da taragai masu na'urorin awo da suke auna tazarar ƙarafa suna tafe, wasu ma suna tura ƙarafan waje da gangan don a ga ko za su buɗe a ƙarƙashin nauyi, domin titin da ya yi daidai babu kaya a kansa yana iya buɗewa idan jirgi ya hau. Kyamarori suna ɗaukar hoton kowane matashi, kwamfuta ta nuna inda kilif ya ɓata. Duk da haka ina ganin bai kamata a raina mai duba layi da ƙafa ba, domin shi ne yake lura da farantin da ya goge katako a gefensa, da robar da ta zamo waje, da farar ƙurar kankare a gindin ƙarfe, alamun da suke nuna cewa wani abu yana motsi inda bai kamata ba.

Ana iya yin titin jirgi ba tare da dakakken dutse ba?

Ana yi. A yawancin sababbin layukan jirage masu tsananin gudu na Japan da Jamus da Sin, da kuma cikin ramuka da kan gadoji, ana ɗaure dogo ne a kan shimfiɗaɗɗen kankare. A nan babu dutsen da zai ɗan lotsa ya shanye nauyi, don haka duk sassaucin da titin yake buƙata daga maɗauri yake fitowa, ta hanyar roba mai laushi da kauri fiye da ta sauran layuka. Ana kuma ƙera maɗauran ta yadda za a iya ɗaga ƙarfen ko a matsar da shi gefe da 'yan milimita, domin idan ƙasa ta ɗan zauna a ƙarƙashin kankaren, ta wurinsu kaɗai ake iya daidaita layin cikin sauƙi.