Rigar motar gudu da ke kwana a waje: tambayoyi da amsoshi

Motocin gudu irin su Ford Mustang, Chevrolet Corvette, Porsche 911 da Mazda MX-5 ba motocin zuwa cefane ba ne. Mai irinsu yakan fito da su ne ranar Asabar ko ranar wani sha'ani, sauran kwanakin suna girke a wuri ɗaya. In akwai gareji mai rufi, magana ta ƙare. In kuwa tsakar gida ce makwancinta, ga rana ga raɓa ga ƙura, to dole a yi maganar riga. Ga tambayoyin da aka fi yi a kanta.

Mota ai ƙarfe ce. Me rana za ta yi mata har sai an sa mata riga?

Ƙarfen ba ya jin komai, abin da aka shafa a kansa ne ke wahala. Fentin motar zamani hawa-hawa ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, sai mai launi, sannan wani garai-garai a sama, wanda shi ne ke ba da sheƙi. Wannan na saman kaurinsa bai wuce maikron 40 zuwa 50 ba, wato bai ma kai kaurin silin gashin kai ba. Shi kaɗai ne ke tsakanin launin motarka da duniya. Rana tana cinsa a hankali har ya dushe, daga baya ya fara saɓa kamar fatar maciji, yawanci daga rufi da bonet. In ya kai nan ba folish ɗin da zai dawo da shi, sai sabon fenti.

Ciki ma bai tsira ba. Motar da aka rufe gilasanta a ranar bazara zafin cikinta yakan haura digiri 60. Dashbod ya tsage, fatar kujeru ta bushe, robar bakin ƙofofi ta ƙandare. Mai rufin yadi da ake naɗewa, irin MX-5, ita ta fi shan wuya, don zaren ɗinkin rufin ma ruɓewa yake yi. Sai kuma abin da ke faɗowa daga sama. Da yawanmu inuwar darbejiya ko mangwaro muke nema wa mota, alhali can ne tsuntsaye da jemagu ke sauka. Kashinsu yana da asid, in ya yini a kan fenti mai zafi yakan bar tabon da wanki ba ya fitarwa.

To ba ga tampol ba? Ya fi arha, kuma ko ɗigon ruwa ba ya wuce shi.

Wannan rashin wucewar ruwan shi ne aibinsa. Ruwan da ke lalata mota ba daga sama kaɗai yake zuwa ba. Ƙasa tana fitar da danshi, da dare raɓa tana kwanciya a jikin ƙarfe mai sanyi. Idan abin da aka lulluɓa bai bar iska ta ratsa ba, danshin nan ba shi da mafita. Gari ya waye, rana ta buga, sai motar ta zama kamar dambu a madambaci.

Na ga haka da idona a gidan wani maƙwabcinmu da ya yi doguwar tafiya da damina, ya bar jar motarsa mai ƙofa biyu a ƙarƙashin shuɗin tampol, an danne gefe-gefe da bulo. Ranar da aka yaye, warin fumfuna ne ya fara tarbarmu. Sitiyari ya yi furfura, bel ɗin kujera ya yi ɗigo-ɗigo baƙi. A kan bonet kuwa, in ka shafa hannu sai ka ji wasu ƙananan ƙuraje kamar na zafi, ruwa ne ya shige ƙarƙashin fenti ya kumbura shi. Mutumin nan ya daɗe tsaye bai ce uffan ba, kuma na ji masa ciwo ƙwarai, domin kyautata wa motar ya yi niyya.

Don haka abin nema shi ne yadin da ke tare yawancin ruwan sama amma yake numfashi. Kada ka damu in ka ɗaga riga bayan ruwa mai ƙarfi ka tarar da ɗan laima a jikin motar. Muddin yana bushewa da kansa cikin 'yan sa'o'i, rigar tana aikinta.

Wane irin yadi ke nan?

Ya danganta da abin da ya fi damunka. Akwai mai hawa uku zuwa biyar da ake yi da folifurofilin (wani nau'in zaren roba), mai kauri kamar bargo. Yana rage raɗaɗin ƙananan bugu, kamar ɗanyen mangwaro ko ƙwallon yara, sai dai yana shan ruwa, yana jinkirin bushewa, kuma in an naɗe shi yakan cinye but ɗin motar gudu, wanda dama ba wani girma gare shi ba. Akwai saƙaƙƙen foliyesta mara nauyi da aka jiƙa da maganin korar ruwa, mai saurin bushewa. Akwai Tyvek na kamfanin DuPont, fari shara-shara kamar takarda, gwanin mayar da hasken rana da tare ƙura. Akwai kuma akirilik irin Sunbrella da ake yin rumfunan jiragen ruwa da shi, wanda ya fi kowanne jure rana, ya kuma fi tsada.

Ni dai inda rana ta fi yawa, saƙaƙƙen yadi mai launin toka ko ruwan azurfa nake zaɓa. Baƙar riga tana da kyan gani a kan motar gudu, amma zafi take tarawa. Kowanne ka ɗauka, juya cikinsa ka goga a bayan hannunka. In ka ji kaushi, fenti ma zai ji. Rigar kirki tana da shafi mai laushi, kuma ɗinkinta ba ya tudu ta ciki.

An ce riga da kanta tana karce fenti. Da gaske ne?

Da gaske ne, kuma a nan nake so mai karatu ya fi tsayawa. Yadin ba shi ne mai laifi ba, abin da ke tsakaninsa da fenti ne.

Duba abin da hunturu ke kawowa. Daga Nuwamba zuwa Maris iska tana kwaso ƙura daga Sahara, kaso mai yawa daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi, ta baza ta a Nijar da Nijeriya har gaɓar teku. A cikin wannan hazo akwai ɓarɓashin kwatz, ma'adinin da yashi ya ƙunsa, wanda ya fi gilashi tauri, balle fenti. Ka wanke mota da safe, kafin la'asar yaro zai iya rubuta sunansa da yatsa a kan but. Yanzu ɗauki riga ka shimfiɗa a kan wannan ƙurar, iska ta kwana tana kaɗa ta. Samfefa ke nan ka haɗa da hannunka. Ba za ka ga komai a mako na farko ba. Sai wata rana da hantsi ka tsaya a gefen motar ka ga wasu siraran zane kamar saƙar gizo-gizo, kuma gefen madubai da kafaɗun bamba sun dushe, domin nan ne rigar ta fi gogawa. A baƙar mota abin ya fi fitowa fili.

Dokar ɗaya ce: mota mai tsabta, busasshiya, ita ake sa wa riga. Ka dawo daga yawo ta kwaso ƙurar hanya kuma ba ka da halin wanke ta yau? Bar ta ta kwana tsirara. Ƙurar da ke kwance shiru ba ta yi wa fenti illar da wadda ake murzawa take yi. Kuma kada a bar maigadi ya bi ta da busasshen tsumma wai yana kakkaɓewa kafin a rufe, wannan ma karcewa ce. Ruwa ya fara sauka tukuna.

Shi ya sa nake ganin motar da ake hawa kullum ba ta buƙatar riga, rumfa take buƙata. Riga ta motar da za ta yi kwana uku ko fiye a ajiye ce.

Ta kasuwa mai shiga kowace mota, ko wadda aka yanka daidai jikin tawa?

Wadda aka yanka. Motar gudu gajeriya ce, mai faɗi, wata da fiffike a baya, madubanta a baje. Rigar da aka auna da jikin Corolla lilo za ta riƙa yi a kanta, kuma duk inda yadi ya yi saura, nan iska ke shiga, nan ruwa ke taruwa. Wajen saye faɗi samfurin motar da shekararta daidai, domin suna ɗaya ba siffa ɗaya ba ne: Corvette ta 2020 zuwa yau injinta a bayan direba yake, jikinta ya bambanta da na waɗanda suka gabace ta. A tabbata akwai aljihun madubi, da roba mai tsuke bakin rigar gaba da baya.

Telan da ke ɗinkin kujerun mota zai iya yi maka, in har kai ka kawo yadin da ya dace, ya kuma auna a jikin motar. In aka bar masa zaɓi, yawanci leda mai sheƙi zai ɗauko, mu koma gidan jiya.

Yaya ake sa ta da cire ta?

Bari motar ta huce tukuna. Bakin salansa yana narkar da yadi nan take, kuma a Porsche 911, da injinta ke can baya, zafin duk a wuri ɗaya yake taruwa. Ka ba motar kamar rabin sa'a zuwa sa'a guda. Rufe gilasai, sauke eriya. Ɗora naɗaɗɗiyar rigar a kan rufi, warware ta gaba da baya, sa madubai a aljihunsu, sannan ka ja bakinta ƙarƙashin bamba. Wajen cirewa, kalmaso gefunan biyu zuwa sama, ka nannaɗe kamar tabarma. Kada a ja ta a jikin mota, kada kuma cikinta ya taɓa ƙasa ko sau ɗaya. Tsakuwa guda da ta maƙale a shafi ta isa.

Iska fa? Da masu ɗauke-ɗauke?

Guguwar farkon damina tana iya tuɓe riga ta jefa ta gidan maƙwabta. A ɗaure ta da madauri biyu da ke bi ta ƙarƙashin motar, ɗaya gaba ɗaya baya, a lura kada ƙarfen madaurin ya riƙa dukan jiki. Yawancin riguna suna da huji a tsakiyar kowane gefe don a zura waya a sa kwaɗo. Ba ya hana ɓarawon da ya shirya, amma yana hana mai wucewa.

Na yi sabon fenti. In rufe?

A'a. Fentin gareji yakan ɗauki wata ɗaya zuwa uku yana fitar da sauran sinadaransa kafin ya gama tauri. Tambayi mai fentin ranar da ya yarda a rufe.

Ita rigar ana wanke ta?

Ana wankewa, kuma da hunturu ya kamata a yawaita. Hanya mafi sauƙi ita ce a wanke ta tana jikin motar: a feshe ta da ruwa, a bi da soso da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye sosai, a juya cikinta waje a maimaita. A shanya a igiya har ta bushe ƙarau kafin a naɗe. Bilic da ruwan tausasa tufafi suna kashe maganin korar ruwan da ke jikinta. Ranar da ka ga ta fara barin farin gari a kan mota, ko tana yagewa da ɗan ja, rana ta gama da ita, a nemi wata.

Zan yi tafiyar wata uku. In rufe in manta?

Kada ka manta. Duhu da ɗumin ƙarƙashin riga gida ne ga ɓera, kuma ɓera yana cin wayoyin inji. Bar wa wani amintacce aiki: duk mako biyu, ranar da gari ya yi sarari, ya yaye rigar motar ta sha iska, ya buɗe bonet ya leƙa, ya duba ko ruwa ya kwanta a wani lungu. Kafin ka tafi ka kwashe duk wani abin ci daga ciki, ko da ɓawon gyaɗa ne, ka cire kan batir ko ka haɗa shi da ƙaramar na'urar caji, ka kuma ɗan ƙara wa tayoyi iska don kada su kwanta ta gefe ɗaya. In ya tarar ƙura ta shige ciki, ya wanke motar ta bushe kafin ya mayar da rigar.