Goron Sallah ga Mai Garka a Jihar Tawa

Goron sallah shi ne kyautar da ake yi wa dangi da maƙwabta da abokan arziki a ƙaramar sallah ko a sallar layya. Sunan ya samo asali ne daga goro, amma yau kuɗi ko tufa ko nama duk suna shiga ciki. A jihar Tawa ta ƙasar Nijar, inda dubban gidaje ke ci da noman rani a kwarin Maggiya da na Tarka da bakin tabkin Tabalak, akwai masu zaɓa wa mai garka abin da zai yi masa aiki a cikin garkarsa. Wannan kyauta tana da ƙa'ida guda da ta fi sauran nauyi: lokacin shuka ake dubawa kafin a dubi ranar sallah.

Sallah da lokacin shuka

Shekarar Musulunci kwana 354 ce, don haka sallah tana ja baya da kusan kwana 11 kowace shekara, sai ta zagaye damina da kaka da sanyi da bazara cikin shekara 33 ko kusa da haka. Garka kuwa ba ta bin wata, rana da ruwa take bi. A 2025 ƙaramar sallah ta faɗo a ƙarshen Maris, lokacin da ake cirar albasa, ita kuma layya ta zo a farkon Yuni, bakin damina. Wanda ya kai wa mai garka irin salati ko karas a irin wannan lokaci ya ba shi ajiya ce, domin sai an shiga Oktoba ko Nuwamba zai taɓa shi. Irin albasa ma ya fi saurin lalacewa: in ya shekara cikin zafi, yawancinsa ba ya tsirowa.

Saboda haka idan sallah ta faɗo a bazara, abin ban ruwa da na ajiya ya fi dacewa: igiya da guga, tiyo, buhunan albasa masu huda, ko karan gyaran rudu, wato rumbun da ake jibge albasa a ciki har ta yi daraja. Idan ta kusanto damina, dashen itace ne kyautar da ba ta da na biyu. Mangwaro mai aure, lemun tsami, gwaba ko zogala, duk ruwan sama zai taya su kama ƙasa. A Nijar ma ranar 3 ga Agusta, ranar samun ƴancin kai a 1960, ita ce ranar dashen itatuwa.

Iri

A wannan yanki iri mai martaba shi ne na albasar Galmi, jar albasar da ta ɗauki sunan garin da ke kan babbar hanya tsakanin Birnin Ƙonni da Madawa, wadda ake lodinta zuwa Gana da Kwaddibuwa. Manoman nan sun fi amincewa da irin da aka san hannun da ya fito da shi. Za ka ga dattijo ya zuba ƴan ƙwayoyi baƙaƙe a tafin hannunsa, ya hura, ya murza da yatsa, sannan ya tambayi na gonar wane ne. Mai son yin kyautar iri gara ya bi ta wajen wani manomi sananne, ko kuma ya sayi na gwangwani da ba a fasa ba, ya duba ranar da aka rubuta a jiki.

Kayan aiki

Kalme da hauya da lauje na maƙerin gari sun fi na kanti karɓuwa, domin maƙeri yana daidaita ƙota da tsayin mai aiki, in baki ya dakushe kuma a mayar masa ya wasa. Injin ban ruwa ya fi ƙarfin aljihun mutum guda, shi ya sa ƴaƴan gida, musamman waɗanda ke biɗa a Yamai ko Abijan, sukan haɗa kuɗi su saya wa mahaifinsu. Amalanken taki ma kyauta ce, kuma masu garka ba sa raina ta.

Abin da ya kamata a kiyaya shi ne maganin ƙwari da ake ɗurawa a kwalba ba suna ba bayani. Yana ƙona ganye, yana cutar da mai fesawa da mai ci.

Yadda ake miƙawa

Ba a cika kai wa babba kyauta hannu da hannu a gaban jama'a ba. Yaro ake aikawa, ya durƙusa ya ce: "Kawu, Baba na gaishe ka, ya ce ga wannan a taɓa aiki, barka da sallah." Kawu ya sa albarka, ya ba ɗan aike tukuici. In garka ta nuna, kwandon tumatir ko damin yakuwa yakan biyo yaron nan zuwa gidan da kyautar ta fito.