Kojes: kwamitin iyaye da malamai a makarantun Nijar

Kojes, wanda ake rubutawa COGES a takardun hukuma, kwamiti ne na iyayen yara da malamai da ke kula da hidimomin makarantar gwamnati a Jamhuriyar Nijar. Sunan taƙaitawa ce ta kalmomin Faransanci masu nufin kwamitin tafiyar da makaranta. Wajen shekarar 2012 hukuma ta sake masa suna zuwa CGDES, amma a bakin jama'a sunan farko ne ya zauna, har kuɗin da iyaye ke tarawa ana ce masa kuɗin kojes. Tsarin da ake bi yau a jihar Tawa aka fara gwada shi kafin ya game ƙasa. Ta wannan kwamiti ne yawancin iyaye, musamman na karkara, ke jin labarin abin da ke gudana a lakwal, wato makarantar boko.

Asali

Lakwal ta shigo ƙasar ne tare da mulkin Faransa, kuma ba da yardar iyaye ta fara ba. Kwamanda, wato Baturen da ke mulkin yanki, shi ne ke yanka wa sarki ko hakimi adadin yaran da zai kawo, shi kuma ya aika dogarai gida gida. Tsofaffi a Adar, wani yanki na jihar Tawa, da sauran ƙasar Hausa suna ba da labarin yadda ake ɓoye yaro a rumbu, ko a tura shi dangin uwa a wani gari, ko a kai wa mai gari akuya don ya kau da kai. Sarakuna da yawa ƴaƴan barori da na talakawa suka riƙa bayarwa, suka riƙe nasu a gida, abin da wasunsu suka yi da-na-sani a kai bayan waɗannan yaran sun dawo da muƙami. Makarantar allo ita ce ta gari: iyaye ne ke kai yaro da hannunsu, su ba malam kuɗin laraba, su yi masa noma. Lakwal kuwa ta Nasara ce, daga baya ta zama ta gwamnati. Lokacin samun ƴancin kai a 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba.

Bayan ƴancin kai gwamnati ta ɗauki nauyin kusan komai, daga gini da albashi har littafi da alli. An kafa ƙungiyoyin iyayen yara, waɗanda ake kira APE, sai dai a wurare da dama suna ne kawai. Mai gari ne ke nuna wanda zai shugabanta, galibi ɗan'uwansa ko wani mai hali, ya zauna a kujerar shekara da shekaru ba taro ba bayani. Uba ba ya taka harabar makaranta sai an aiko masa da takardar kira, kuma takardar kira ba ta cika zuwa da alheri ba.

Talaucin gwamnati ne ya sauya wannan zama. A shekarun 1980 da 1990 an tsuke bakin aljihu, aka karya darajar kuɗin sefa a watan Janairun 1994, albashi ya riƙa makara wata da watanni, yajin aikin malamai da na ɗalibai ya yawaita har aka yi shekarun da aka soke karatunsu ɗungurungum, abin da ake kira farar shekara. Daga ƙarshen shekarun 1990 aka shiga ɗaukar malaman sa-kai, waɗanda suka rikiɗe zuwa malaman kwantaragi, su ne mafi yawa a firamare yanzu. Dokar ilimi ta ranar 1 ga Yunin 1998, wadda aka sani da LOSEN, ta rubuta cewa nauyin makaranta na gwamnati ne da ƙananan hukumomi da iyaye baki ɗaya. Shirin ilimi na shekara goma da ya fara aiki a 2003 ya ɗora a kan haka. Kwamitocin farko an kafa su ne a wasu makarantu ƙalilan wajen 2002, amma yawancinsu ba su motsa ba, don hannun da ya riƙe tsohuwar ƙungiyar iyaye shi ya karɓi sabon kwamitin.

Gwajin Tawa

A farkon 2004 ma'aikatar ilimi da hukumar haɗin gwiwa ta ƙasar Japan, JICA, suka buɗe wani shiri mai suna Makaranta Don Kowa a jihar Tawa. Shirin bai zo da siminti ko tebura ba, abin da ya ba mutanen ƙauyuka mamaki, don sun saba idan baƙo ya zo da mota to gini zai bari. Abu uku ya nema: a zaɓi ƴan kwamiti ta ƙuri'ar sirri, gari ya zauna ya tsara aikin shekara da abin da yake da shi a hannu, sannan a samu masu bin sawu.

Ƙuri'ar sirrin ce ta fi tayar da ƙura. A ƙauyen Hausa ba a ɗaga hannu a ƙi ɗan mai gari a gaban mai gari. Amma idan mutum ya shiga bayan zana shi kaɗai ya jefa takarda, ba wanda ya san abin da ya zaɓa. Da yake masu zaɓen da yawa ba su karatun boko, akan ba kowane ɗan takara wata alama ko launi da za a gane shi da ita. Ta haka kujerar ma'aji ta riƙa faɗawa hannun wanda aka sani da riƙon amana, ko da ba ɗan gidan sarauta ba ne. Akwai garuruwan da masu gari suka ɗauki abin a matsayin raini, akwai kuma inda zaɓen bai canza kowa ba.

Daga Tawa aka kai tsarin jihar Damagaram, sannan wajen 2007 aka shimfiɗa shi a dukan makarantun firamare na ƙasar da tallafin Bankin Duniya. An kuma haɗa kwamitocin kowace ƙaramar hukuma cikin tarayya guda, suna haɗuwa lokaci lokaci su ji abin da kowa ya yi. Ƙasashe irin su Senegal da Mali da Burkina Faso sun ɗauki salon daga baya.

Tsari

Kwamitin ƙarami ne: wakilan ƙungiyar iyaye, wakiliyar ƙungiyar iyaye mata, wakilin malamai, da darektan makaranta. Shugaba da ma'aji daga cikin iyaye suke fitowa. Darekta ne yawanci ke riƙe alƙalami, don takardun da Faransanci ake cika su, kuma wannan kaɗai ya isa ya ba shi nauyin da ya fi na kujerarsa.

Babban taro da isar da labari

Kwamiti ba ya yanke magana shi kaɗai, sai ya kai ta babban taron gari. Akan yi irin wannan taro a farkon shekarar karatu, wadda ke kamawa daga Oktoba zuwa Yuni, a sake yi a tsakiya, a rufe da na bayanin kuɗi a ƙarshe. Ba a raba takardar gayyata. Mai shela ne ke zagaya gari da maraice yana cewa, "Jama'a, mai gari na gaishe ku, gobe da hantsi kowa ya hallara a lakwal, maza da mata." Liman ya maimaita bayan sallar isha'i, mata su ji a bakin rijiya ko wurin suna. Inda akwai gidan rediyon karkara, nan ma akan ba da sanarwa.

Ranar taro ana shimfiɗa tabarmi a inuwar bedi. Dattawa a gaba, mata a gefe guda da goyo, malamai a kan bencin da aka fito da shi daga aji. A buɗe da addu'a. Darekta, wanda yara da iyayensu duka ke kira mushe, ya faɗi yawan yaran da aka ɗauka, ajin da ba shi da malami, da abin da ya lalace. Daga nan sai a shiga lissafin abin da za a yi: rumfa nawa, randa nawa ta ruwan sha, wa zai gyara darni, wa zai ba sabon malami masauki. Kowane aiki a faɗi mai yinsa da lokacinsa da abin da zai ci. Wanda ba shi da kuɗi ya yi alkawarin damin kara ko yinin aiki, kamar dai gayya.

A Adar lokacin taron farko yana da muhimmanci, saboda da an gama girbi magidanta da samari ke tafiya bida, wato ci-rani, wasu Najeriya, wasu Abijan, wasu Libiya. Taron da ya makara zuwa Disamba, tsofaffi da mata zai tarar. Kuɗin da ƴan bida ke aikowa kuwa yana cikin abin da ke gina aji a garuruwa da dama.

Sauran labarin yaro ne ke ɗauke da shi. Bayan kowace jarrabawa ana jera ɗalibai daga na ɗaya zuwa na ƙarshe, a ba yaro kaye, wato littafin rubutu, ko takardar sakamako ya kai gida a sa hannu. Uban da ba ya karatu yakan nemi wani ɗan koleji a maƙwabta ya duba masa, sannan ya dangwala yatsa. Tambayar da ake yi ɗaya ce, "Na nawa ka zo?" Ba kasafai ake tambayar ko ya iya karanta abin da ke cikin kayen ba.

Ɗaukar sababbin yara

Yara da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, don haka a da akan sa yaro ya ɗora hannu bisa kai ya kamo kunnen ɗaya gefen, in ya kai to ya isa shiga. Yanzu ƴan kwamiti ne ke bi gida gida kafin Oktoba suna rubuta sunaye, suna kuma taimaka wa iyaye neman takardar a wurin alƙali, don ba a zama jarrabawar ƙarshen firamare sai da ita. Wannan jarrabawa, CFEPD, an dakatar da ita wajen 2013, aka maido da ita a 2024.

Ajin zana

Aikin da aka fi sanin kojes da shi shi ne ajin zana. Ana kafa dirkoki, a ɗaura ƙirare a sama, a rufe da karan hatsi, a kewaye da zana, a jingina babban allo a jikin itace. Yara su zauna a tabarma ko buhu, wasu a kan yashi. Sai an girbe hatsi ake samun kara, shi ya sa a makarantu da yawa karatu ba ya kankama sai Nuwamba, ko da an buɗe a Oktoba. Da hadarin farko ya taso a Mayu ko Yuni kuma, aji ya tashi. Shekarar ɗan ajin zana gajeriya ce ta kai da ta ƙafa, kuma baɗi sai an sake ginawa.

Dubban azuzuwa a ƙasar irin wannan ne, har cikin manyan birane. A watan Afrilun 2021 gobara ta cinye azuzuwan zana a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara wajen 20 suka rasu, yawancinsu ƴan ajin share fage. A Nuwamban shekarar aka sake yin wata a Maraɗi, ta kashe fiye da 20. Bayan ta biyun gwamnati ta hana sanya ƙananan yara na share fage a ajin zana, ta kuma yi alkawarin gina na siminti. Aikin yana tafiya, zana ba ta ƙare ba.

Kuɗi

Karatun firamare kyauta ne a hukumance, kuɗin kojes kuma gudummawa ce da taro ke yankewa. Ana samun ƙorafin cewa wasu makarantu na korar yaron da bai biya ba, da kuma ƙorafin kuɗin da ba a ga inda ya shiga ba. Hukumomin ilimi sun sha cewa bai halatta a kori yaro saboda shi ba.

Iyaye mata

Ƙungiyar iyaye mata, AME, aikinta ya fi karkata ga ƴan mata: bin sawun wadda ta daina zuwa, lallashin uwar da ta fi son talla, da kai magana gaban mai gari idan an ji ƙishin-ƙishin za a cire yarinya a yi mata aure. Wata dokar gwamnati ta Disamban 2017 ta tanadi kariya ga yarinyar da ke karatu. A makarantun da ke da kantin, wato wurin ciyar da yara, wanda hukumar abinci ta duniya PAM ke tallafa wa da yawansu, mata ne ke girki, gari ya kawo itace da ruwa. Su ne kuma ke zama a bakin ƙofa da ƙosai da fanke da awara lokacin shan iska, yaro ya miƙa dala biyar ko dala goma. Ba ƴan kwamiti ba ne waɗannan, amma babu wanda ya fi su sanin malamin da bai zo ba yau.

Yamai

A babban birni mai shela ba ya aiki. Makarantu masu zaman kansu suna da yawa, kuma can dangantakar ta mai biya da mai karɓa ce. Sanarwa ta koma zauren WhatsApp, galibi da saƙon murya cikin Hausa ko Zabarmanci ko Faransanci. Ta nan iyaye da yawa suka ji an ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba a 2024 saboda ambaliya.

Abin da bincike ya nuna

A ƙarshen 2007 an yi gwaji a makarantu 1,000 na jihohin Tawa da Damagaram, aka ba kwamitocin rabinsu ɗan tallafin kuɗi. Iyaye sun ƙara shiga hidima, an yi gyare-gyare, yaran ƙananan azuzuwa sun rage barin makaranta, amma sakamakon jarrabawa bai tashi ba, fashin malamai ma ya ɗan ƙaru. Masu binciken sun danganta haka da cewa manomin da bai yi lakwal ba yana jin nauyin tuhumar mushe, kuma ba shi ke ɗaukarsa aiki ko biyansa ba. Awon PASEC na 2014, wanda ke gwada ilimin ɗalibai a ƙasashen Afirka masu amfani da Faransanci, ya nuna fiye da kashi 90 cikin 100 na ƴan ajin ƙarshe na firamare a Nijar ba su kai matakin da ake nema a karatu ba. An kuma ƙara wa kwamitoci wani aiki: a gwada yara, a faɗi sakamakon a bainar taro, sannan gari ya shirya darasin ƙari da yamma ko da dare, inda wani tsohon ɗan makaranta ke zama da yara suna aikin lissafi a hasken fitila.

A arewacin jihar Tawa, wajen Tiliya da Tasara, rashin tsaro ya rufe makarantu a shekarun nan, kwamitocinsu kuma sun watse tare da garuruwan.