Daga ƙwayar zabibi zuwa asibitin unguwa: waiwaye kan horon tattara hankali

A shekarar 1979, a asibitin Jami'ar Massachusetts da ke Amurka, wani masanin kimiyya mai suna Jon Kabat-Zinn ya fara karɓar marasa lafiyar da magani ya yi iya yinsa a kansu: masu ciwon da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, da waɗanda damuwa ta hana barci. Wurin malaman addinin Buda ya koyo zaman tattara hankali, sai ya ajiye ibadar ya ɗauki atisayen kawai.

Mako takwas ake yi, a taru sau ɗaya a mako na wajen awa biyu da rabi, kowa kuma ya yi minti 45 kullum a gida. A zaman farko ana miƙa wa mutum ƙwayar zabibi guda. Ya dube ta, ya shinshina, ya ɗora a harshe, sannan ya tauna sannu a hankali. Nan da yawa ke gane cewa sun daɗe suna cin abinci hankalinsu na can kan bashin jiya ko kuɗin hayar gobe. Daga nan a koma bin numfashi. Hankali ya gudu, a dawo da shi ba tare da zargin kai ba.

Masana halayyar ɗan Adam Zindel Segal da Mark Williams da John Teasdale ne suka haɗa tsarin da dabarun gyara tunani, domin masu ciwon damuwar da ke tafiya ya dawo. A 2004 hukumar NICE ta Birtaniya, mai ba da shawara kan hanyoyin jinya, ta amince da shi ga wanda ciwon ya kayar sau uku ko fiye.

Gwajin da ya fi ja mini hankali ya fito a mujallar likitanci ta Lancet a 2015. Mutum 424 aka ɗauko daga asibitocin unguwa a Ingila. Cikin shekara biyu, ciwon ya dawo wa kashi 44 cikin ɗari na masu horon, da kashi 47 na waɗanda suka ci gaba da shan ƙwayar maganin damuwa. Horon bai fi ƙwaya ba, amma wanda ya gaji da haɗiyar magani ya samu wata ƙofa, kuma malami ɗaya na iya zama da sama da mutum goma a lokaci guda.

Inda gizo ke saƙa shi ne malamin. Sai wanda ya daɗe yana atisayen da kansa ke iya koyarwa, ga shi ma'aikacin asibitin unguwa layi ya riga ya sha masa kai. Minti 45 ɗin ma ba ƙaramin abu ba ne ga uwar da ke tashi tun asuba ta kwanta bayan kowa.